Gilashin Banɗakin Iya

Wajen Okigwe,
22 ga Nuwamba, 2004.

Zuwa ga taubashiyata Murjanatu, 'yar Kawu Jibril,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ga gaisuwa nan ta tsallako kogin Binuwai a aljihun Kabo direba, da fatan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, kuma kun yi Ƙaramar Sallah lami lafiya. Yaya jikin uwargidana, kakarmu Iya, da gwiwoyin nan nata masu hasashen ruwan sama? Ki shaida mata angonta yana nan daram, bai yi mata kishiya ba sai rogo, wanda ya yi mini ƙawanya safe da yamma tun da na zo bautar ƙasa. Ƙauyen da nake koyarwa har yanzu waya ba ta san da zamansa ba, saboda haka alƙalami ne gatanmu.

Takardarki ta iso ni ranar da Kabo ya sauke shanun Mai'adua a kara. Na yi nazarinta da idon basira, na kuma fahimci mas'alar kamar haka. Gilashin wurin wankan da mahaifinki ya sa aka kafa wa Iya a sabon banɗakinta, bayan faɗuwar da ta yi bara a tsohon makewayi, ya yi fari fat kamar an watsa masa koko. Kin wanke da omo, kin dirza da toka, ya yi kunnen uwar shegu. Kawu kuma zai zo Daura da Babbar Sallah, alhali ya riga ya yanke hukunci cewa muddin ya ga alamar ba a kula da tsohuwa yadda ya dace, ko ta sake faɗuwa, to zai ɗauke ta zuwa Abuja. Ita kuwa ta rantse daga gidan da aka kawo ta tana amarya sai makwancinta. Kina tsoron kada ya leƙa banɗakin ya ga wannan fari ya ce ƙazanta ce.

Ki kwantar da hankalinki. Allah cikin hikimarsa bai sa na shafe shekaru ina shaƙar hayaƙin sinadarai a jami'a a banza ba. Abin da kike kira datti, a ilmance ba datti ba ne. Ruwan rijiyar burtsatsen gidanmu yana ɗauke da narkakken dutse, wanda mu masana muke kira kalshiyam kabonet. Duk ɗigon da ya bushe a jikin gilashi yakan tafi ya bar kayansa, kamar baƙon da ya manta buhunsa, sai kumfar sabulu ta zo ta ɗaure masa gindi. Toka da kanwa kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne da shi, shi ya sa da kika kai ƙararsa wurinsu suka ƙi hukunta shi. Bilhasali, maganinsa tsami.

Ki je kantin masu sayar da kayan haɗa kek ki nemi farin ruwan kal. In wani ya ji warinsa ya ɗaga hanci, tun da yanzu zamanin Shari'a ne kowa ya zama mai binciken kwalba, ki shaida masa kal ne, halal tun zamanin magabata. Ki gauraya shi da ruwan ɗumi, rabi da rabi. Idan bai samu ba, lemon tsami ya wadatar, illa iyaka zai ci miki kwando. Ki jiƙa tsofaffin tsummoki a ciki, ki manna su a jikin gilashin, ki bar su gwargwadon nunar shinkafa. Sa'an nan ki cuɗa da soso mai laushi, ki ɗauraye, ki tsane da busasshen ƙyalle. Inda ya yi taurin kai ki maimaita, domin haƙuri ma sinadari ne.

Kada ki kuskura ki kusanto da soson ƙarfe ko yashi, za su yi masa tsagar da ba ta gogewa har abada. Kada kuma ki haɗa kal da bilic, ruwan nan mai farar da tufafi, hayaƙinsu na iya kwantar da ƙato. Ki buɗe taga yayin aikin.

Ina jiran natija. Ba wai ina shakkarta ba ne, ina so ne kawai in ji ta daga bakin mai musu.

Wassalam. Yayanki, ko kin ƙi ko kin so,
Musaddiq.

*

Daura,
4 ga Disamba, 2004.

Yaya Musaddiq, Farfesan rogo,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai sanyi da ya fara taɓa gwiwar Iya. Na isar mata da gaisuwarka, ta ce mijin da ba ya cefane gaisuwarsa ba ta cika tukunya.

Takardarka sai da na karanta ta sau biyu, na farko don in gane Hausar, na biyu don in gane maganar. Ba na son in yabe ka, kanka ya riga ya fi hularka girma, amma abin ya yi. Da na ɗaga tsumman farko na hango tayil ɗin bango ta cikin gilashin, sai da na yi kabbara. Ƙasansa ne ya ba ni wuya, wurin da ruwa ya fi bugu, na maimaita har yatsuna suka yi yaushi. Yanzu in ba ka sani ba sai ka rantse babu komai a wurin. Ni kaina na buga goshi.

Sai dai ga wani abu da ya hana ni sakewa. Da na gama na kira Iya ta gani. Ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Sannu da aiki," ta juya. Washegari da safe sai na ji ƙarar bokiti a bayan ɗaki. Ta koma tsohon makewayi, wanda ka san dutsensa da santsi.

Na ce, "Iya, ga naki can an gyara."

Ta ce, "Ai na gani."

Na ce, "To me ya faru?"

Ta ce in je in duba tukunya kada ta kama.

Tun ranar ba ta sake taka shi ba. Ko ruwan ba ta yarda in kai mata, da kanta take jan bokitin, tana tafe tana hutawa. Duk safiya raina a hannu yake har sai na ji ta fito.

Ka san ba zan iya kai wa Baba wannan magana ba, daidai yake da in haɗa mata kaya da hannuna. Ita kuwa ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta yi masa bayani. Kai da ka san abin da ke cikin ruwa, ko ka san abin da ke cikin ran tsohuwa?

Ƙanwarka in ka dage,
Murjanatu.

*

Wajen Okigwe,
12 ga Disamba, 2004.

Zuwa ga Murjanatu, wadda gaskiya ta tilasta wa yabona,

Aminci ya tabbata gare ki da ilahirin mutanen gida. Ina taya goshinki jaje, ina kuma taya kimiyya murna. Lafiyata ƙalau, sai 'yar murar da ba ta kai a ambata ba.

Dangane da uwargidana, kada ki tayar da hankali a kan abin da hujja za ta warware. Amsar tana cikin takardarki, ke ce dai ba ki lura ba. Kin ce ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo. Kin kuma ce ke kanki, da idanunki na ƙuruciya, kin buga goshi. To ina ga tsohuwar da ba ta zura zare a allura sai da taimako? Haƙiƙanin lamarin shi ne, da can farin nan ne yake nuna mata iyakar gilashin. Yanzu da ya ɓace, ba ta san inda yake farawa ba, tana tsoron karo, girman kai irin na manya kuma ya hana ta furtawa. Mushkilar ta gani ce, maganinta haske. Ki samo ƙwan lantarki mafi ƙarfi da ke kasuwa, ki sa mai gyaran wuta ya ɗaura shi daidai saman wurin wankan, yadda kowace kusurwa za ta fito sarai. Ina tabbatar miki kafin Kabo ya juyo za ki ji ta tana waƙa a ciki.

Saura batun kiyayewa, domin gyara ba tare da kulawa ba aikin baban giwa ne. Na roƙi Kabo tsohuwar waifar motarsa, wato robar nan mai share gilashin gaba, ga ta nan ya taho miki da ita. Duk wanda ya gama wanka, a ja ta daga sama zuwa ƙasa a kwashe ruwan tun bai bushe ba, domin ɗigon da bai kwana ba ba ya barin gado. Ranar Juma'a kuma ki ɗan shafe shi da kal mai ruwa-ruwa. A bar ƙofa da taga a buɗe ya sha iska. Idan kika lizimci wannan, Kawu zai zo ya ga fuskarsa a ciki ya gyara hularsa.

Ki ce wa Iya cefane yana nan tafe, na ɗaure mata manja galan guda, kada ta kai ni ƙara wurin alƙali.

Naki mai hangen nesa,
Musaddiq.

*

Wajen Okigwe,
30 ga Disamba, 2004.

Murjanatu,

Sallama da gaisuwa. Lafiya kuwa?

Kabo ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannu rabbana. Na tambaye shi mutanen gida, ya ce suna gaishe ni, yana faɗa yana duban tayar motarsa. Mutumin da ya saba tsare ni da labarin kowace akuya ta Daura, yau shi ne yake sauri.

Idan wata kalma ce a takardata ta ɓata miki rai, ki yi haƙuri, kin san bakina ya fi ni gudu. Idan kuwa wani abu ne ya sami Iya, ina haɗa ki da Allah kada ki ɓoye mini. Na hau tudun da ake cewa waya tana kamawa, na tsaya har rana ta faɗi, ban sami komai ba sai cizon sauro. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Musaddiq.

*

Daura,
4 ga Janairu, 2005.

Yaya Musaddiq,

Wa alaikumus salam. Ka yafe mini shirun, ni na hana Kabo magana. Ka fara da cewa alhamdu lillahi, don abin ya zo da sauƙi. Iya ta faɗi a tsohon makewayi. Hannun hagu ta dafa, wuyan hannun ya tsage. An yi hoto a asibiti, an ɗaure, tana cin abincinta, tana faɗanta. Kwanakin farko ban iya riƙe alƙalami ba.

Ga yadda aka yi. Na sa an ɗaura ƙwan kamar yadda ka ce. Ta leƙa, ta ce wannan ai sai ɗakin tiyata. Sai na yi tunanin kaina, na ce ko don ana hango ciki ne, na ɗauko baƙin zanena na rataya ta bayan gilashin. Da la'asar na lallashe ta ta shiga. Ko famfon ba ta taɓa ba ta fito tana a'uziyya. Da safe ta ja bokitinta, sai ƙara na ji.

Jiya na karanta mata takardarka ta ƙarshe, wurin tudu da sauro. Ta yi dariya har ta share ido, ta ce in ɗauko biro. Abin da ke biye nata ne, ban ƙara ba ban rage ba.

"Kai mijin banza, mai cefanen manja. An ce kana can kana hawan tudu saboda ni. Sauko ka saurara. Kai kaɗai zan faɗa wa, don kai ba na jin kunyarka, ni na yi maka wankan jego. Yarinyar nan hannunta ne kawai a nan, kunnenta yana waje.

"Idona lafiyarsa lau, ina ganin gilashinku. Shi ne ma abin. Ni tun da na yi wayo ban taɓa kwance zane a inda ido ke ratsawa ba. Ku ce an kulle ƙofa, to zuciyata ba ta yarda an kulle ba. Da mai Abuja ya kafa abin nan, da ɗaurin ƙirji nake wanka, kamar mai wanka a rafi, ban gaya wa kowa ba. Har Allah ya tausaya mini ruwa ya yi masa yana, ya zama bango. Sai na saki jiki. Na kuwa ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba, ga kujera, ga ruwa yana sauko wa mutum kamar farkon damina. Kuka tashi da iliminku kuka rushe mini bangona.

"Na ce to, bari in daure. Yarinyar nan ta ƙara fitila, ta rataya zane. Na shiga, na ɗaga kai, sai ga wata tsohuwa tsaye a gabana, duk ta yamushe, ta zuba mini ido. Ni rabona da madubi tun takabar kakanka. Wannan matar ban san ta ba, ba na kuma son mu saba, balle in tuɓe a gabanta.

"Mutumin nan don ni ya yi abin da ya yi. Da wane baki zan ce masa alherinsa tsiraici ne? Ko da bakin, ba a yi ni da zama ina zance da shi ba. In ya ga hannun nan kwashe ni zai yi. Can kuwa an ce gidan sama ne, kowa ya kulle ƙofarsa. Wa zai leƙo ta katanga ya ce Iya kin tashi lafiya? Ka yi karatu, an ce. To karanta mini wannan."

Iyakar maganarta ke nan. Yanzu a ɗaki nake goge mata jiki da tsumma, tana kawar da kai, ni ma ina kawarwa. Ba za ta jure wannan ba, na san da hannun ya yi sauƙi za ta koma wa bokitinta. Sallah kuma ta matso.

Murjanatu.

*

Wajen Okigwe,
11 ga Janairu, 2005.

Zuwa ga uwargidana Iya, ta bakin Murjanatu,

Assalamu alaikum. Sannu, Iya. Sannu da jiki. Allah ya sa kaffara ne, ya mayar da ƙashi mazauninsa. Na karanta saƙonki a gindin motar Kabo, shanu suna kallona, ban kuma damu da abin da suka gani a idona ba.

Kin ce in karanta miki, to na karanta. Tsohuwar da kika gani, fitilata ce da zanen Murjanatu suka haɗu suka kirawo ta. Ɗabi'ar gilashi ce, idan gabansa haske ne bayansa duhu, sai ya rikiɗe ya zama madubi. Ba za ta sake zuwa ba, na yi miki alkawari. Amma in kin sake haɗuwa da ita a wani wuri, ki gaishe ta da mutunci, domin ita ta goyi uwata.

Murjanatu, daga nan naki ne. Na yi tunanin a bar farin ya dawo, sai na ga ba dabara ba ce, zai ɗauki watanni, in ya daɗe kuma yakan ci fuskar gilashin har ya ƙi gyaruwa. Abin da za ki yi, ki sauke baƙin zanen, ki mayar da ƙaramin ƙwai. Ki sa Kabo ya sayo tabarmar roba a kasuwar Mai'adua, mai farin launi da saƙa mai kauri. A rataye ta ta ciki, ina nanata wa, ta ciki, daga ƙarfen sama har ƙasa, a ɗaure da igiyar roba, kada kuma ta ja ƙasa ta harɗe mata ƙafa. Ta haka idon Iya ba zai sauka a kan gilashi ba sam, sai a kan tabarma, abin da ta sani tun tana yarinya. Ita tabarmar za ta tare yawancin ruwan, aikinki ya ragu. Ranar Juma'a ki kwance ta ki shanya a rana don kada ta yi funfuna, ki bi gilashin da kal da waifa, ki mayar kafin Iya ta farga. Hannun kuma a sa shi a leda lokacin wanka.

Iya, saura magana ɗaya. Hannu ba ya ɓoyuwa, kuma ba zan so a tari Kawu da ƙarya ba. Abin da al'ada ta hana bakinki, ba ta hana alƙalamina ba. Na rubuta masa takarda, ga ta nan a cikin wannan, ban manne ta ba. Murjanatu ta karanta miki. In kin yarda a ba shi, in ba ki yarda ba a hura wuta da ita. Sirrinki ne, ke ce mai hukunci.

Mijinki na banza,
Musaddiq.

*

Wajen Okigwe,
11 ga Janairu, 2005.

Zuwa ga mai girma Kawuna, Alhaji Jibril,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina durƙusawa daga nesa ina miƙa gaisuwa, tare da fatan ka iso Daura lafiya, Allah ya karɓi layya.

Kawu, ka san ni da yawan magana, amma yau zan taƙaita gwargwadon iyawata. Za ka tarar da hannun Iya a ɗaure, za ka kuma tarar da tabarma a jikin gilashin da ka kafa. Kafin ka yanke hukunci, ina roƙon ka saurari yadda biyun suka haɗu.

Banɗakin da ka gina bai gaza ba. Ta ji daɗinsa, da bakinta ta faɗa mini, kuma duk tsawon lokacin da take shiga cikinsa ko tuntuɓe ba ta yi ba. Kulawa ma ba ta gaza ba, hasali ma yawanta ne ya jawo wannan. Mun wanke gilashin don ka zo ka ga yana walƙiya, ba mu san cewa farin da ya rufe shi ne ya sa ta iya sakewa a ciki ba. Iya mutuniyar da ce. Abin da ido ke ratsawa ba ya zama mata sutura, ko da babu idon. Da ta rasa suturar sai ta koma tsohon makewayi, can ta faɗi. Ba za ta taɓa gaya maka wannan ba, kai ma ka san dalili, ba kuwa ƙarancin ƙauna ba ne.

Idan an kai ta Abuja, za ta tarar da irin wannan gilashi a can, sai dai babu wanda za ta iya faɗa wa. A nan kuwa an gano ciwon, maganinsa kuma tabarma ce. Ina roƙonka, ba da hujjar digiri ba, da hujjar jika, ka zauna ka ga safiya ɗaya tukuna. Abin da ka yanke bayan nan, mu masu biyayya ne.

Ɗanka,
Musaddiq.

*

Daura,
25 ga Janairu, 2005.

Yaya Musaddiq,

Wa alaikumus salam, barka da Sallah. Kowa lafiya. Hannun Iya ya fara motsi, har ta ɗaga shi ta yi mini daƙuwa jiya, ka ga sauƙi ya samu.

Tabarmar ta iso, fara mai ratsin kore. Da na gama ɗaurawa ta zo ta shafa ta da hannun dama, ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, ta ce, "Yanzu na ga ɗaki." Ranar sai da na buga mata ƙofa na ce ruwan tanki zai ƙare.

Takardarka ta Baba kuwa, na karanta mata, ta karɓa ta tura ƙarƙashin filo. Baba ya iso jajibiri. Ashe labari ya riga ya kai masa, ka san bakin mutane. Da direbansa ya buɗe bayan mota sai na ga ya sauko da wani ƙaton akwati, yana ɗaga shi da yatsa biyu. Babu komai a ciki. Na gane na kwasar kayan Iya ne.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango kamar kullum. Idonsa na kan hannun. Ya ce da ni, "Bayan Sallah ki haɗa mata kayanta." Ya tashi ya nufi zaure. Sai Iya ta ɗaga filo ta ce, "Ungo, kai wa wancan takardar mijina."

Ya karanta a tsaye. Ya ninke, ya sake buɗewa. Daga nan ya wuce banɗakin da babbar rigarsa, ya ɗaga gefen tabarmar, ya ga gilashin yana ƙyalli a bayanta. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya koma zaure. Haka aka yi Sallah, aka yi yanka, akwatin yana jingine a tsakar gida kowa yana kewaye shi.

Washegarin Sallah da hantsi yana zaune a tsakar gida yana shan shayi, sai Iya ta fito da sandarta da ledarta a hannu, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta shiga ta rufe. Ruwa ya fara zuba. Yaya, kofin yana hannunsa bai kai baki ba har ruwan ya tsaya. Ta fito tana ƙamshin sabulu, tana mitar wai na cika zafin ruwan. Na ga ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Kafin azahar ya kirawo magini ya toshe ƙofar tsohon makewayi da bulo, ya sa mai walda ya kafa ƙarfen dafawa daga ɗakinta har wurin wankan. Ya ce in gaya maka Hausarka ta yi yawa, amma ya gane.

Yau da safe suka tafi. Akwatin ni na cika shi, da soyayyen naman layya da daddawa da kuka, har sai da direba ya hau kansa kafin ya rufu. Baba ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya ɗaga murya yadda za ta ji, ya ce da ni, "Ki gaya wa kakarki na tafi. Sai na zo ganin gida da damina."

Ina tsaye tsakaninsu, ban ko buɗe baki ba, ta amso daga ciki.

"Ki ce masa zai same ni."

Taka,
Murjanatu.